Tambaya da Amsa: Tankokin Mai Na Wucewa ta Tasawa, Famfonmu Kuwa a Lalace

TAMBAYA

Sunana Sa'adatu, daga wani ƙauye a gundumar Mayahi. Ni ce ma'ajiyar asusun matan unguwarmu, mu talatin da biyu. Duk sanda na je Tasawa wurin 'yar'uwata ina ganin tankokin mai suna bin juna a kan kwalta, a rediyo kuma muna jin cewa yanzu Nijar na sayar da mai har ƙasashen waje. Mu kuwa famfonmu ya fi wata huɗu a lalace, sai mun je rijiyar wani gari. Kwanan baya wani saƙon murya ya shigo zaurenmu na WhatsApp. Wani yaro ne da ba mu san shi ba, yana cewa an turo kuɗin gyaran famfon daga cikin kuɗin mai, wani mai faɗa a ji ya cinye, har sunansa ya kama. Matan suka ce tunda ni ce mai babbar waya, in watsa shi ko'ina kowa ya ji. Maigidana ya ce in na kuskura za a zo a tafi da ni, kuma wai maganar mai da kuɗin gwamnati ba ta mata ba ce. Inna, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. In na yi shiru ina ganin na ci amanar mata, in na watsa ina jin tsoro. Shin waya na iya ƙwato mana haƙƙi? Kuma mu da ba a haƙo mai a garinmu, muna da bakin magana?

AMSA

'Yata Sa'adatu. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara miki riƙon amana.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Abin da ya hana ki barci abu uku ne a ɗaure wuri guda: ki watsa saƙon ko kar ki watsa, maganar ta shafi mata ko ba ta shafe su ba, sannan ita wayar da ke hannunki tana da wani amfani a irin wannan lamari ko babu. Zan bi su a hankali, domin na san akwai mata da yawa daga Korgom har Sarkin Hausa, daga Urafan har Gidan Amumun, da ke riƙe da irin wannan saƙo a wayarsu suna juya shi a zuci.

Ki fara kwantar da hankalinki. Kwana ukun da kika yi ba ki danna komai ba, ba ki ci amanar kowa ba a cikinsu. Ma'ajiyar kirki ba ta fitar da kuɗi don an matsa mata, sai ta ga dalili. Abin da kika yi da saƙon nan ke nan, kuma kin yi daidai.

Amsata a kan saƙon gajeriya ce: kar ki watsa shi. Ba ki san mai maganar ba, ba ki ga takarda ba, ba ki ma tabbatar an turo kuɗin ba balle a ce an cinye. Magana zarar bunu ce. Kin san kuma a Suratul Hujurati an umarce mu da bincike idan labari ya zo daga bakin da ba a amince da shi ba, don kar a cuci wasu cikin rashin sani a dawo ana nadama. Amma famfo na nan a lalace, mata na nan suna tafiya da jarka a kai, saboda haka ba za mu tsaya a "kar ki watsa" ba.

Maigidanki ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Sauran rabin, wai ba maganar mata ba ce, a nan kam zan roƙe shi ya saurare ni.

Wa ke tashi da asuba in famfo ya mutu? Wa ke zama da yaro a asibiti in aka ce babu magani? In kuɗin mai ya tashi, mai injin niƙa ya ƙara farashi, daga ƙullin zanen wa ake ciro ƙarin? Duk kuɗin jama'a da ya ɓace a hanya, a ƙarshe a wuyan mace yake sauka, ya zama nisan rijiya ko kwana da yunwa. Wadda ke ɗaukar nauyin abu tana da ikon tambayar yadda aka yi.

Ba ke ce farau ba. Ran 13 ga Mayun 1991, lokacin da ake shirin babban taron ƙasa, matan Yamai suka ga an kafa kwamitin shirya taron da mace ɗaya tak a cikinsa. Suka fito dubbai, suka taka har ofishin firaminista, ba su watse ba sai da aka yarda a ƙara mata. Shi ya sa har yau 13 ga Mayu take ranar matan Nijar. Daga wannan turbar aka samu dokar kason mata ta shekarar 2000, wadda aka ɗaga a 2019 zuwa kashi 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe. Babu salula a hannun ko ɗaya daga cikin matan da suka fito a 1991. Daga baki zuwa baki suka kira juna.

A cikin wannan shekara ta 1991, nan jiharmu ta Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a kan abin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Asusun da kike riƙe wa kuɗi jikan wannan aikin ne. Daga ƙauyukanmu tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta, kuma da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, an samu matan asusu da suka tsaya takara suka ci. Ina faɗa miki wannan ne don ki san darajar akwatin da ke ɗakinki. Zan dawo kansa.

Yanzu ga maganar man. A Agadem ake haƙo shi, can jihar Difa, a ƙarƙashin yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a 2008. A Nuwamban 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, kamfanin na Sin yana da kashi 60 a cikinta, Nijar na da 40. Yawancin tankokin da kike gani suna ratsa Tasawa sun nufi yamma, daga can suke ɗauko kaya. Daga baya aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya taso daga Agadem, ya ratsa jihohin Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, ya faɗa Benin har bakin teku a Seme kusa da Kwatano. An ƙaddamar da shi a Nuwamban 2023, jirgin ruwa na farko ya yi lodi a Mayun 2024. An gina shi ne don ya riƙa ɗaukar ganga 90,000 a kowace rana.

Kin ga ke nan man yana bi ta kan kwaltarmu, yana kuma bi ta ƙarƙashin ƙasar jiharmu. Tsarin mulkin 2010 ya faɗa ƙarara cewa arzikin ƙarƙashin ƙasa na al'ummar Nijar ne baki ɗaya, ya kuma wajabta a buga yarjeniyoyin haƙo shi da kuɗin da kowane kamfani ya biya a jaridar gwamnati. An dakatar da wannan kundin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, amma mahukuntan da suka zo su ma takensu shi ne arzikin Nijar ya amfani 'yan Nijar. Suka kafa hukumar COLDEFF a Satumban 2023 don bin sawun dukiyar ƙasa da aka wawure, suka rage litar esansi zuwa sefa 499 a Yulin 2024, dala ɗari ba tamma ɗaya. Mace ta Mayahi da ta tambayi ina nata rabon, tambayar da shugabanni suka ce a yi ta yi.

Sai dai ki san yadda kuɗin ke tafiya, don kar wani ya ruɗe ki. Dokar man fetur ta ware kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen shigar ga yankin da aikin ya shafa, sauran 85 su shiga baitulmalin ƙasa. Mutanen Difa, kamar na Agadas a kan uraniyom, sun daɗe suna kukan cewa ko wannan kason ba ya isowa a kan lokaci, ƙungiyoyi irin su ROTAB sun yi shekaru suna bin bashinsa. Abin da ya shiga baitulmali kuwa ya gauraya da haraji da kuɗin kwastan, daga nan ake biyan malamai da sojoji da sayen magani. Wani ma an ci shi tun kafin a sayar, kamar dala miliyan 400 na Amurka da CNPC ya ba gwamnati a Afrilun 2024 a kan za a biya da ɗanyen mai. Babu wata jaka da ake ɗaurewa a Yamai a rubuta mata "kuɗin mai na famfon ƙauye kaza". Wannan kaɗai ya isa ya sa ni shakkar yaron da ya yi saƙon.

A mafi yawan ƙauyukanmu, gyaran famfo daga kuɗin ruwan da ku da kanku kuke biya a kan kowace jarka yake fitowa, kwamitin ruwa na gari ke riƙe da su. In gyaran ya fi ƙarfin wannan, sai a kai kuka ma'aikatar magajin gari ko ma'aikatar ruwa ta gunduma. Mai yiwuwa amsar da kuke nema tana cikin garinku, a cikin wani littafi da ba a taɓa buɗewa a gaban mata ba.

Bari in zauna a kan tsoron naki, don ba na so in wuce shi da sauri. Tsoron yana da tushe, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Tun 2019 Nijar ke da dokar laifukan intanet. A 2022 an cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 aka mayar da shi: shekara ɗaya zuwa uku a gidan kaso ga wanda ya ɓata sunan wani ta waya ko intanet, shekara biyu zuwa biyar ga wanda ya yaɗa abin da aka ɗauka zai ta da hankalin jama'a, ga tara mai nauyi a kai. Wanda ya tura saƙo ya yaɗa shi ke nan, ko da ba muryarsa ba ce. Yaron da ya yi maganar ba a san inda yake ba. Lambarki kuwa da sunanki aka yi mata rajista.

Ki ji abin da ya faru da Samira Sabou, 'yar jarida a Yamai. A 2020 binciken kuɗin ma'aikatar tsaro ya nuna ƙasa ta yi asarar biliyan 76 na sefa wajen sayen kayan soja. Ta yi rubutu a kai a shafinta na Facebook. Ita ba ta kama sunan ɗan shugaban ƙasa na lokacin ba, wani ne ya kama shi a ƙarƙashin rubutun nata. Duk da haka ita aka kai ƙara. An kama ta ran 10 ga Yuni, ta yi kwana 48 a tsare kafin kotu ta sallame ta a ƙarshen Yuli. A Satumban 2023 aka sake ɗauke ta, kwanaki danginta ba su san inda take ba. Mace ce mai ilimi, mai lauyoyi, ƙungiyoyin duniya sun san da ita. Ina jinjina mata ƙwarai, kuma ina tuna ta duk sanda aka ce matan Nijar ba su da zuciya. Amma ke kina ƙauye, da goyo wataƙila, in aka tafi da ke ba gidan rediyon da zai sani da wuri. Ba zan tura ki inda ba zan tura 'yar cikina ba.

To waya ba ta da amfani ke nan? Tana da shi, babba ma.

Kin san yadda take a da, ɗan kasuwa ya zo ya yanka wa tiyar gero kuɗin da ya ga dama, don ba ki san nawa take a Maraɗi ba. Wata mai bincike, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa, ta gano tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Babu wanda ya zagi kowa a waya kafin a samu haka. Mutane sun san lamba ne kawai, wanda kuma ya san lamba da wuya a cuce shi.

Haka Ngozi Okonjo-Iweala ta yi a Najeriya sanda take ministar kuɗi. Daga 2004 ta sa ana buga wa jama'a a jarida nawa aka ba kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma a wata daga asusun tarayya, wanda yawancinsa kuɗin mai ne. Shugaban ƙaramar hukuma da ya saba cewa ba a turo komai ba, sai ga mutanen garinsa da jarida a hannu.

Akwai kuma Bagega, ƙauyen Hausawa 'yan'uwanmu a Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara. A jihar, tun daga 2010, yara fiye da 400 suka rasu. Gwamnati ta yi alkawarin kuɗin share gubar daga ƙasar garin, kuɗi suka maƙale, likitocin MSF kuma ba za su iya fara maganin yara ba sai an share. Wasu matasa, cikinsu da Hamzat Lawal, suka je garin, suka ɗauki hotuna da muryoyin iyaye, suka riƙa maimaita tambaya guda a intanet da gidajen rediyo: an yi alkawarin kuɗi kaza ran kaza, ina suke? A Janairun 2013 aka saki kuɗin. Ki lura, tambaya suka riƙe, da adadi da kwanan wata.

Matan Neja Delta kuwa, da suka fi kowa sanin ɗacin mai, da ƙafarsu suka je. A Yulin 2002 ɗaruruwan mata daga Ugborodo da kewaye suka shiga tashar mai ta kamfanin ChevronTexaco a Escravos, suka zauna kimanin kwana goma, aiki ya tsaya. Sun je da buƙatunsu a jere: aiki ga 'ya'yansu, makaranta, asibiti, ruwa, lantarki. Kamfani ya sa hannu. Shekaru bayan haka mutanen garin na ta kukan alkawura da yawa ba su cika ba. Ban kawo miki labarinsu don ku kwaikwayi mamaye wuri ba, bututun namu sojoji ke gadinsa, ko kusa da shi kar wata ta je da sunan zanga-zanga. Na kawo shi ne don ki ga ko bayan an sa hannu, sai an samu masu riƙe takarda suna bibiya shekara da shekaru. A wannan bibiyar waya ta fi amfani.

Mu koma kan akwatinki.

Shekarun baya, ina aikin koyarwa a wani ƙauye kudu da Tasawa, nakan zauna da matan asusu ranar zubi. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. A shimfiɗa tabarmar kaba a ƙarƙashin bedi, a juye kuɗin a faranti, mai ƙirga ta ɗaga kowace jika sama ta faɗa da ƙarfi, sauran su amsa. Wata rana lissafi ya gaza da dala ashirin. Na ga fuskar ma'ajiyar ta canza, leɓenta na rawa. Wata tsohuwa da ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma tana riƙe da lissafin kowa da tsakuwa a ƙullin gyalenta, ta ɗaga hannu ta ce kowa ya yi shiru, ba a kiran sunan kowa sai an sake ƙirgawa. Aka sake, bai cika ba. Ta ce a kakkaɓe ƙyallen da ake naɗe kuɗin. Sai ga ƙwandalar ta faɗo daga cikin lanƙwasar ɗinki, ta gangara kan tabarma. Ma'ajiyar ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka.

Na sha zama a tarurruka a Maraɗi da Yamai inda masu manyan takardu ke bayanin yadda za a tsare dukiyar jama'a. Ban ji wanda ya zo da abin da ya fi na tsohuwar nan ba. A ƙirga a fili, kowa ya ji adadin, makulli kar ya taru a hannu ɗaya, kuma ba a kiran mutum ɓarawo sai an kakkaɓe ƙyalle. Kun riga kun iya wannan. Shi za ku ɗauka ku fita da shi daga tsakar gida zuwa bakin famfo.

A zaman asusu mai zuwa, ki gaya wa matan ba ki watsa saƙon ba, ki faɗi dalili, ki kuma roƙi kowa ta goge shi. Daga nan ku tattara abin da kuka sani da idonku. Ran nawa ga wata famfon ya tsaya? Nawa ake biya a jarka, kamar jarka nawa ake ɗiba a rana? Su wa ke cikin kwamitin ruwa, yaushe rabon da su yi wa gari bayani? An kira mai gyara, me ya ce ya lalace, nawa ya yanka? Ki ɗauki hoton famfon. In akwai allon da aka kafa ranar da aka gina shi, mai sunan wanda ya ba da kuɗi da shekarar, ki ɗauke shi shi ma. 'Yar makaranta ɗaya ta rubuta duka a littafi, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Sai ku tashi ku biyar ko bakwai, da tsofaffi a gaba, ku je gaishe da maigari. Kar ki je ke kaɗai, kar kuma a ce "Sa'adatu ta ce". Asusu ne ya aiko ku. Ku ce kun zo neman a kira kwamitin ruwa ya karanta lissafinsa a gaban gari, kamar yadda ku kuke yi kowane mako. In za ku iya, ku ce asusu a shirye yake ya ba da rancen wani abu a kan gyaran idan lissafi ya fito fili. Wadda ta zo da gudummawa a hannu ba a cika kore ta ba. Ku nemi kuma a sa mata biyu a kwamitin, ɗaya ta riƙe makulli.

In maganar ta wuce gari, ku rubuta takarda zuwa ma'aikatar magajin gari. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa ke riƙe da su, saboda haka wurin wakilin da ke riƙe da taku za ku kai. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da ita, ki ɗauki hotonta. Tambaya za ku rubuta a ciki: shin akwai kuɗin gyaran famfonmu a kasafin bana, nawa ne, yaushe za a fara? Ku rubuta da Hausa in kun ga dama, ku nemi a amsa muku da ita. Tun Maris na 2025 kundin da ake mulki da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa.

Rediyo kuma kar ki raina shi. Tsohuwar da ba ta da WhatsApp tana da akwatin rediyo a gefen murhu, shi ma wakilin gwamnati yana saurare. Gidajen rediyon karkara da masu zaman kansu suna da filin kiran waya, shirye-shiryen Studio Kalangou ma, da ake yi tun 2016, suna zuwa da Hausa ta gidajen da ke hulɗa da su. In wata ɗaya ya wuce ba amsa, ɗayarku ta kira ta ce: mu matan gari kaza famfonmu ya tsaya ran kaza, mun kai takarda ran kaza, muna jiran amsa. Babu sunan kowa, babu zagi, kowace kalma kuna da hotonta. Mutum bakwai su san za a yi kiran kafin a yi shi.

Ga masu karatunmu da bututu, ko hanya, ko turakun lantarki suka bi ta gonarsu, ina da ƙarin magana. Diyya takan tafi ga wanda sunansa ke kan takarda, gamanar mace kuwa sau da yawa ba ta kan takardar kowa, ana lissafa ta cikin gandu. Idan gonar gadonki ce ko sayenki, ki je wurin hukumar filaye ta gari, wadda ake kira COFO, wadda dokar karkara ta 1993 ta samar, a rubuta miki shaida tun kafin ma'auna su zo. Ki ɗauki hoton takardar, ki tura wa ɗanki ko ƙaninki da ke ci-rani ya ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki kula da zauren naku na WhatsApp. Wa ya shigo da saƙon yaron nan? Ku yi doka a tsakaninku, duk abin da ba ɗayarku ce ta gani ko ta ji da kunnenta ba, ba ya shiga. Ki sa wa wayarki lambar sirri, kar ki bar ta a buɗe wurin mai caji. Ku kuma riƙe hanyar kiran juna ba tare da ita ba. A Fabrairun 2021, bayan zaɓe, an yanke intanet ɗin salula kusan kwana goma a ƙasar nan. Ranar da hakan ta sake faruwa, yarinyar da za a aika gida-gida ita ce wayarku.

Saura maigidanki. Kar ki mayar da shi abokin gaba, tsoron rasa ki ne ya sa shi magana. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa kin bi shawararsa, ba ki tura ba, kin goge. Sannan ki nuna masa littafin da hoton famfon, ki ce ga abin da mata suka shirya, ba sunan kowa a ciki, kina neman izininsa da rakiyarsa zuwa ƙofar maigari. Shi ma da ruwan nan yake alwala, dabbobinsa ma shi suke sha. Ina kyautata zaton zai saka hularsa ya shige gaba. In ya ce a dakata, ki nemi wata dattijuwa da yake jin nauyinta ta yi masa magana, sauran matan kuma su ci gaba, tunda aikin na asusu ne gaba ɗaya.

Ki gaishe mini da matan su talatin da ɗaya, da mai riƙe muku lissafi da ka in kuna da irinta. Ranar da aka karanta littafin kwamitin ruwa, ki rubuto mini nawa aka samu a ciki, da abin da mai gyara ya ce ya lalace.

Wassalam. Innarki.